BABI NA UKU: TSARA YAWAN SHAFUKA A ƊAB'IN ƘANANAN LITTATTAFAI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda marubuci kan shirya aikinsa, tun daga rubutun hannu har zuwa lokacin da zai miƙa shi a buga masa a kwamfuta. A wannan babi kuwa za a duba matakin da ke tsakanin kammala rubutu da shigar da aiki maɗaba'a, wato tsara yawan shafukan da littafi zai ƙunsa. Abin da ake nufi da ƙaramin littafi a nan shi ne wanda ake ninke takardunsa a ɗinke su da waya a tsakiya, kamar littattafan ƙagaggun labarai na kasuwar Kano, da ƙasidun wayar da kai a kan noma da kiwon lafiya, da littattafan addu'o'i, da jadawalin bukukuwa da tarurruka. A ma'aunin da Hukumar UNESCO ta amince da shi a shekarar 1964, bugun da ya kama daga shafi 5 zuwa 48, ban da bango, ƙasida ce, sai ya kai shafi 49 ake ƙirga shi a matsayin littafi. A wannan nazari ba a tsaya a kan wannan iyaka ba, domin a bakin Bahaushe duk littafi ne.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ba tsawon rubutu kaɗai ke yanke yawan shafukan littafi ba. Ninkin takarda da girman injin ɗab'i da kuɗin da ke aljihun marubuci su ne ke da babbar murya, kuma duk wanda bai yi lissafinsu tun da wuri ba, to, ko dai ya biya kuɗin shafukan da babu komai a kansu, ko kuma a datse masa rubutu a gaban inji.

3.1 Falle da Warƙa da Shafi

Kafin a shiga lissafi ya kamata a bambance kalmomi uku da akan cakuɗa su a maganar yau da kullum. A wannan babi, falle shi ne babbar takardar da ke shiga injin ɗab'i. Warƙa ita ce takarda ɗaya da mai karatu ke juyawa a cikin littafi. Shafi kuwa fuska ɗaya ce ta warƙa, saboda haka kowace warƙa tana da shafi 2. Rashin bambance waɗannan yakan haddasa saɓani tsakanin marubuci da mai maɗaba'a, inda ɗaya zai ce littafinsa "takarda 24" ne, ɗayan kuma ya yi masa kuɗin shafi 24, alhali kuwa shafi 48 ake nufi.

Idan aka ɗauki falle ɗaya aka ninka shi sau ɗaya, za a sami warƙa 2, wato shafi 4. Idan aka sake ninkawa za a sami shafi 8, ninki na uku ya ba da 16, na huɗu ya ba da 32. Littafin da ake ɗinkewa a tsakiya ba wani abu ba ne illa takardu masu ninki ɗaya da aka cusa wata cikin wata, aka soka musu waya a gadon bayansu. Tunda kowace ɗaya tana ɗauke da shafi 4, ba yadda za a yi jimlar shafukan ta zama lambar da ba ta rabuwa gida 4. Ana iya samun 12 ko 16 ko 20 ko 44, amma ba a samun 18 ko 30 ko 50. Wanda ya kawo aikin shafi 50 zai karɓi littafi mai shafi 52, ko ya so ko bai so ba, sai dai in ya rage ya koma 48. Dalili kuwa, warƙa tilo ba ta da 'yar'uwar da za ta ratsa gadon bayan littafi waya ta kama ta. In an dage sai an saka ta, sai dai a liƙa ta da gam, ita ce kuma ke fara faɗuwa.

Wannan tsari na cusa takardu yana da wani sakamako a kan yadda ake jera shafuka kafin bugu. A littafin boko mai shafi 16, takardar waje tana ɗauke da shafi na 16 a hagu da na 1 a dama, a bayanta kuma na 2 da na 15. Ta biye da ita tana da 14 da 3, sannan 4 da 13, haka har a kai tsakiya inda 8 da 9 ke kallon juna. Duk shafuka biyun da ke maƙwabtaka a kan takarda ɗaya, in aka haɗa lambobinsu za a sami 17, wato jimlar shafuka da ƙarin 1. Ma'aikatan maɗaba'a kan yi amfani da wannan ƙa'ida wajen gane kuskure. Abin lura a nan shi ne, da zarar an sauya jimlar shafuka, duk wannan jeri ya rushe. Ƙarin shafi 4 kacal a ƙarshen littafi yana sauya abokin zaman kowane shafi tun daga na farko. Wannan ne ya sa gyaran da marubuci ke ɗauka ƙarami, kamar ƙara sakin layi biyu bayan an riga an haɗa farantan ɗab'i, kan zama sabon aiki gaba ɗaya.

Bango ba ya cikin wannan ƙidaya a mafi yawan lokaci, domin da takarda mai kauri ake yin sa, kuma daban ake buga shi, galibi da launuka. Shi ma dai shafi 4 ne: gaba da baya da cikinsu guda biyu.

3.2 Girman Inji da Lissafin Takarda

Rabuwa gida 4 ita ce ƙa'idar da ba ta da makawa, amma ba ita ce mafi araha ba. Abin da ya fi sauƙin kuɗi shi ne jimlar da ta cika fallen da inji ke ɗauka ba tare da ragowa ba. Girman da aka fi yin ƙananan littattafai a kansa shi ne A5, mai faɗin milimita 148 da tsawon 210, wato rabin takardar A4. Injin Heidelberg samfurin KORD 64, wanda ya yi suna a ƙananan maɗaba'un Nijeriya, yana ɗaukar falle har mai girman santimita 46 da 64. Ke nan fallen A2 yana shiga cikinsa, kuma a kan A2 ana jera shafin A5 guda 8 a kowace fuska, wato 16 gaba da baya. Samfurin GTO 52 kuwa rabin haka yake ɗauka, shafi 4 a kowace fuska. Kowace fuska tana bukatar farantin ɗab'i nata, kuma kowane faranti kuɗi ne, haka ma ɗaura shi a inji da daidaita tawada. Saboda haka ga mai aiki da KORD 64, lambobin da suka fi daɗi su ne 16 da 32 da 48 da 64.

Domin a ga yadda abin yake a aikace, bari a ƙaddara wani marubuci yana da labari mai kalmomi 14,000, yana kuma son kwafi 3,000. A ce shafinsa yana ɗaukar layi 30, kowane layi kalma 10, wato kalma 300 a shafi. Idan aka raba 14,000 gida 300 za a sami 46 da ɗoriya, wato shafi 47. Sai a ƙara shafukan farko guda 4: na sunan littafi, da na haƙƙin mallaka, da na sadaukarwa, da na godiya. Jimla ta zama 51. Wannan lamba ce da ba ta yiwuwa, don haka dole ya zaɓi ɗaya daga cikin 48 da 52 da 56 da 64.

Idan ya zaɓi 48, kowane kwafi zai ci falle 3 daidai. Kwafi 3,000 za su ci falle 9,000, tunda kuma rim ɗaya falle 500 ne, rim 18 ke nan, da faranti 6. Idan ya zaɓi 52, kowane kwafi zai ci falle 3 da rubu'i, wato 9,750, ko rim 19 da rabi, sannan sai an ƙara faranti na 7 domin shafuka 4 ɗin da suka yi saura. Idan 56 ne, falle 3 da rabi ke nan, wato rim 21, faranti kuma 7 ne har yanzu, domin ana iya jera shafi 8 a faranti ɗaya, a buga fuska ɗaya, a juya fallen a sake bugawa da farantin nan, sannan a raba shi biyu. Idan kuwa ya haura 64, zai sayi rim 24 da faranti 8. Duk wannan ban da takardun da ke lalacewa wajen daidaita inji, waɗanda dole a yi musu tanadi.

Abubuwa biyu ne suka fito daga wannan lissafi. Na farko, tsakanin 52 da 56 babu bambancin faranti, rim ɗaya da rabi ne kawai, saboda haka wanda ya riga ya tsallake 48 yana iya samun ƙarin shafi 4 da kuɗi kaɗan. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, tsakanin 51 da 48 shafi 3 ne kacal, kuma ana iya haɗiye su ba tare da an taɓa kalma ɗaya ta labarin ba. Idan aka ƙara layi 2 a kowane shafi, ya zama layi 32, shafi zai ɗauki kalma 320. Kalmomi 14,000 za su shiga shafi 44, a haɗa da na farko 4, an sami 48 cif. Da layi biyu marubucin ya tsira da kuɗin rim ɗaya da rabi da faranti guda. Sai dai wannan dabara tana da iyaka. Akwai littattafan da aka matse haruffansu aka cinye gefensu har babban yatsan mai karatu yana rufe rubutu, ga shi kuwa da yawa daga masu karanta irin waɗannan littattafai da daddare suke karatu, a hasken da bai taka kara ya karya ba. Arahar da ta kai ga haka ba riba ba ce.

Ya kamata a ƙara da cewa ƙirga kalmomi kintace ne kawai. Ƙagaggen labari cike yake da zance tsakanin taurari, inda "To" ko "Na'am" ke cin layi guda. Haka kuma ƙarshen kowane babi yakan bar rabin shafi a wofi, kuma in an bi al'adar fara sabon babi a shafin dama, wato mai lambar wutiri kamar 5 ko 11, wani lokaci sai an bar shafi sukutum babu komai. Labari mai babi 10 yana iya asarar shafi 5 ta wannan hanya kaɗai. Don haka ya fi inganci a tsara shafuka uku ko huɗu na gwaji daga tsakiyar labarin, a ƙirga abin da suka ɗauka, a yi lissafi da shi. Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da Hausa, wato haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane samfurin haruffa na kwamfuta ke da su ba. Idan aka tsara aiki da wani samfuri, aka kai maɗaba'ar da ba ta da shi, kwamfuta za ta musanya shi da wani mai faɗi daban, layuka su motsa, littafin da aka tsara a shafi 48 ya wayi gari yana 49. Miƙa aiki a tsarin PDF yana magance wannan, domin yana kulle shafuka yadda aka bar su.

3.3 Iyakar Ɗinkin Waya da Raba Littafi Kashi-Kashi

Ɗinkin tsakiya ba ya ɗaukar kowane irin kauri. Yayin da ake cusa takarda cikin takarda, na ciki kan riƙa leƙowa waje fiye da na baya. Takarda mai nauyin giram 80 kaurinta ya kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita. A littafi mai shafi 64, wanda ke da takardu 16 a cushe, ta tsakiya za ta leƙo da kusan milimita ɗaya da rabi. Injin yanka zai daidaita bakin littafin, amma abin da ya yanke daga gefen shafukan tsakiya yake fitowa, saboda haka in ba a bar musu wadataccen gefe ba wuƙa tana iya cin lambar shafi ko ƙarshen layi. Bayan wannan, littafin da ya cika kauri ba ya rufuwa, sai ya riƙa hangame baki, wayar kuma ta gaza riƙe takardun tsakiya. Takarda mara kauri, irin ta jarida, tana ba da damar a ƙara shafuka fiye da haka, wannan na cikin dalilan da suka sa masu ƙananan littattafai ke son ta, bayan arahar da take da ita. Idan aiki ya wuce abin da waya za ta riƙe, sai a koma ga liƙi da gam ko ɗinkin zare, waɗanda suka fi tsada.

A nan ne lissafin shafuka ya haɗu da tarihin adabin Hausa. Tun zamanin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da Hukumar NORLA da ta yi aiki a shekarun 1950 har zuwa 1959, ƙaramin littafi mara kauri shi ne abin da aka dogara da shi wajen Yaƙi da Jahilci, amma a wancan lokaci hukuma ce ke ɗaukar nauyin lissafin. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka karkata ga littattafan makaranta. Marubutan da suka taso a Kano da kewayenta a wannan tsakani sai suka zama su ne masu rubutu, su ne masu biyan maɗaba'a, su ne kuma masu kai wa 'yan kasuwa. Dogon labari a dunƙule yana bukatar jari mai yawa da ɗauri mai tsada, farashinsa kuma ya fi ƙarfin mai saye. Mafita ita ce a raba shi: littafi na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne daidai abin da waya za ta riƙe, cinikin na farko kuma ya taimaka wajen buga na biyu. Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, yana cikin waɗanda suka fito a kashi fiye da ɗaya.

Wannan raba littafi ya yi tasiri a kan zubin labarin kansa. Tunda kowane kashi yana da iyakar shafukan da ba zai wuce ba, marubuci yakan nemi inda zai tsaya a daidai wannan iyaka, ya kuma tsaya a wurin da ran mai karatu zai biya ya nemi ci gaba. Masu nazari kan ɗauki wannan a matsayin dabarar jan hankali, kuma haka ne, amma yana da kyau a tuna cewa wurin da aka yanke labarin ba koyaushe ne labarin ya zaɓe shi ba.

3.4 Ragowar Shafuka

Idan rubutu bai cika jimlar da aka tsara ba, shafukan da suka rage an riga an biya kuɗin takardarsu. Wannan ne ya sa ba kasafai ake barin su fayau ba. A littattafan kasuwar Kano akan cike su da doguwar godiya da gaishe-gaishe, ko jerin littattafan marubuci da suka fito da masu fitowa, ko sunayen shagunan da ake samun littafin, ko wasiƙun masu karatu, ko tallar wani ɗan kasuwa wanda kuɗinsa zai rage nauyin bugu. A ƙasidun hukumomi kuwa akan bar shafi ɗaya ko biyu domin mai karatu ya yi rubutu. Waɗannan shafuka da aka yi domin cike gurbi sun zama abin amfani ga mai bincike, domin a cikinsu ake gane ƙungiyar da marubuci yake, da hanyoyin da littafi ke bi ya kai kasuwa.

3.5 Littattafan Ajami

Rubutattun littattafan malamai na ƙasar Hausa ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne a sake, ana adana su cikin bangon fata a saka a gafaka, mai kwafa kuma yakan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta domin kada jerin ya rikice. A irin wannan tsari babu ruwan kowa da rabuwa gida 4: inda rubutu ya ƙare nan littafi ya ƙare. Da aka fara ɗaukar hoton rubutun hannu ana buga shi a inji domin kasuwa, sai wannan ƙa'ida ta hau kan ajami ma, har ta fi tsanani. A boko ana iya rage girman haruffa ko ƙara layi a kwamfuta, amma a nan shafin da mai kwafa ya rubuta shi ne shafin da zai fito. Ke nan tun kafin ya tsoma alƙalami a tawada ya kamata a gaya masa shafi nawa ake so, ya raba baitoci ko layuka a kansu.

Har ila yau, littafin ajami daga dama ake buɗe shi, don haka jerin shafukansa kishiyar na boko ne. A takardar waje shafi na 1 yana hagu, na ƙarshe yana dama, lambobin wutiri kuma duk a hagu suke faɗawa. Ma'aikacin da ya saba da boko, in ba a ankarar da shi ba, yana iya jera shafukan yadda ya saba, a buga kwafi dubbai kafin a gane cewa littafin daga ƙarshe yake farawa.

3.6 Takardar Talla Mai Ninki

Takardar talla ko ta sanarwa da ake ninkewa ba tare da ɗinki ba ta fita daga ƙa'idar rabuwa gida 4. Takardar A4 da aka ninka gida uku tana ba da fuska 6. Abin da ake kula da shi a nan shi ne faɗin kowace fuska. Idan ninkin na naɗewa ne, wato ɓangare ɗaya yana shigewa ƙarƙashin ɗaya, dole wanda ke shigewa ya gaza sauran da milimita 2 ko 3. Tsawon A4 milimita 297 ne, saboda haka akan raba shi 100 da 100 da 97. In aka raba shi daidai wa daida, 99 sau uku, ɓangaren ciki zai tokare ninki, takardar ta ƙi kwanciya.

Ko littafi ne ko takardar talla, masu maɗaba'a kan fara da ɗaukar farar takarda su ninke ta yadda aikin zai kasance, su rubuta lamba a kowane shafi da abin da zai zauna a kansa, sannan su warware ta. A kan wannan samfuri ake ganin shafin da zai zauna kusa da wane, da waɗanda za su fito a kife a kan falle, da inda hoton da ya ratsa shafi biyu zai iya zama ba tare da ya rabu ba, wato tsakiyar littafi kaɗai. A kansa ne kuma ya dace marubuci da mai maɗaba'a su yi ciniki, kafin a sayi takarda.